Filin Zagaya Duniya: Kangerlussuaq, Uwargidar Da Aka Yi Wa Amarya

Wata ƙanwata 'yar aji biyar ce ta aiko min wasiƙa, tana cewa: "Anti, wai wancan farin tsibirin da ke can saman taswira, akwai mutane a cikinsa kuwa?" Akwai su mana ƙanwata! Sunansa Girinlan, yana ƙarƙashin masarautar Denmak. Yau zan kai ku wani ɗan gari a cikinsa mai suna Kangerlussuaq. Kada ku ce na faɗa muku sau biyu, ni kaina harshena sai da ya harɗe.

Shi wannan gari, jirgin sama ne ya haife shi. Da can ba kowa a wurin sai mafarautan Inuit da ke zuwa lokacin zafi su farauci barewar ƙasar sanyi su koma. A 1940 Jamus ta mamaye Denmak, sai a 1941 sojojin Amurka suka zo suka share fili suka gina sansanin jirage, suka raɗa masa suna Bluie West-8. To me ya kai su wannan lungu? Garin yana can ƙarshen wani dogon mashigin teku, nesa da gaɓa, don haka hazo da guguwar bakin teku ba su cika isa gare shi ba. Sama garau kusan kullum, abin da matuƙin jirgi ke so kenan.

Daga nan fa tauraruwarsa ta haska. A 1954 kamfanin SAS ya fara kai fasinja daga Kofanhegan zuwa Los Anjalis ta saman duniya, kuma a nan jirgin yake yada zango ya sha mai. A 1992 Amurkawa suka tattara komatsansu suka miƙa wurin ga gwamnatin Girinlan. Shekara da shekaru yawancin manyan jiragen da suka taso daga Denmak a nan suke sauka, sannan ƙananan jirage su rarraba mutane garuruwa. Gari ne na mutum ɗari biyar ko ƙasa da haka, kuma kusan kowane gida da filin jirgin yake cin abinci.

Sai kuma aka yi mata amarya. Ranar 28 ga Nuwamba 2024 aka buɗe sabon filin jirgi a Nuuk, babban birnin ƙasar, mai titi mita 2,200, manyan jirage suka koma can. Allah sarki! Wallahi da na karanta sai na tuna labaran da kuke aiko min, na matar da ta yi wahala da miji tun yana talaka, ya samu wuri ya juya mata baya. Ku duba mai kanti da mai dafa abinci a otal da yarinyar da aka haifa a garin, yau ana zancen ko a zauna ko a ƙaura. Amma ita uwargidar ba a raba ta da darajarta ba, titinta ya fi na amarya tsawo, mita 2,810, kuma ranar da hazo ya rufe Nuuk ana tunawa da ita.

Ni dai in da za a ba ni tikiti, can zan nufa. Daga garin akwai hanyar mota mai ƙura wadda ke kai mutum har bakin dutsen ƙanƙarar da ya lulluɓe mafi yawan tsibirin. Kamfanin Volkswagen aka gina wa ita don gwajin motoci a kan ƙanƙara, suka tafi suka bar wa 'yan yawon buɗe ido. A hanya za ki ga wasu shanun daji masu gashi har ƙasa, guda 27 aka kawo a shekarun 1960, yanzu sun kai dubbai. Da laushin gashinsu ake saƙa hula da mayafi, tsada kuwa ba a magana.

A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sam, ƙarfe goma sha biyun dare ki ga gari tarwai. Sai dai sauro! Kada ki ce ƙasar ƙanƙara ce ki bar gidan sauro a gida, nasu ma ya fi namu naci. Da hunturu kuwa sanyi kan wuce 30 ƙasa da sifili, mu da muke kuka da sanyin Disamba. Ladan wannan wahala shi ne wani haske kore da shunayya da ke rausaya a sama cikin dare, kamar ana kaɗa gyale.

Masu ƙarfin hali kan taka daga nan zuwa garin Sisimiut, kilomita kusan 160, sama da mako guda a ƙafa. Wannan kam ban da ni.

Ƙanwata mai tambaya, ki nemo garin a taswirar makarantarku, idan tsohuwa ce za ki gan shi da sunan Søndre Strømfjord. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.