Wurin bautar da Japanawa ke rushewa duk bayan shekara 20

A birnin Ise da ke lardin Mie na ƙasar Japan ne wurin bauta mafi daraja a addinin Shinto yake. An keɓe shi ne ga Amaterasu, abar bautar da mabiya addinin ke dangantawa da rana, wadda gidan sarautar ƙasar ke cewa daga tsatsonta ya fito. Tarihin wurin ya haura shekara 1,300, amma ginin da ke tsaye yau na 2013 ne.

Dalili kuwa, duk bayan shekara 20 ana gina sabo a filin da ke gefen tsohon, iri ɗaya sak, a kwashe kayan bauta da daddare a mayar can, sannan a warware tsohon. An fara al'adar a shekarar 690. Yaƙe-yaƙen basasa sun taɓa tsayar da ita fiye da shekara 120, Yaƙin Duniya na Biyu kuma ya sa aka ɗage na 1949 zuwa 1953. Na 2013 shi ne karo na 62, na gaba sai 2033.

Duk wanda ya ji cewa aikin na cin itatuwan hinoki kusan 10,000 zai iya cewa almubazzaranci ne. Bai duba da kyau ba. Ginshiƙan a cikin ƙasa ake kafa su, rufin kuma jinka ce, saboda haka ko an ƙyale ginin, damina ba za ta ƙyale shi ba. Abin da ake tattalinsa shi ne sana'ar. Kafinta kan shiga aikin yana ɗan koyo, ya dawo karo na biyu ya goge, a na uku shi ke koya wa na baya. Haka masaƙa da maƙera, domin tufafi da takubban wurin ma sababbi ake yi. Da tazarar ta kai shekara 100, da gwanayen sun tafi kabari da iliminsu.

Tsohon katakon ma ba ya zama makamashi. Manyan ginshiƙan su ake sassaƙawa a yi ƙofofin gadar Uji da ke mashigar wurin, sauran a raba wa ƙananan wuraren bauta a faɗin ƙasar.

Inda masu suka ke da gaskiya shi ne batun daji. Manyan itatuwan Ise sun ƙare tun ƙarnuka da suka wuce, dole aka koma sara a tsaunukan Kiso. Sai a 1923 aka tsara sake dashe, da lissafin jiran shekara 200. A 2013 ne aka samu wani kaso na katakon daga dajin wurin, karo na farko cikin kusan shekara 700, amma mafi yawansa daga waje aka kawo.