Ɗigon Mai a Ƙarƙashin Mota: A Bincika Tun Kafin Kaka



Manomi shi ke noma, amma mota ke kai amfani kasuwa. Waken Malawa da Dogo-Dogo, da gyaɗar Bande, da raken fadamun Korama, duk a bayan akori-kura da manyan motoci suke isa Damagaram ko kasuwar Maigatari ran Alhamis. In motar ƙauye guda ta kwanta, ba mai ita kaɗai ya yi hasara ba. Shi ya sa muke jan hankali game da ɗan ɗigon nan na mai da ake gani a tsakiyar mota, wajen akwatin giya.

Mutane sun kasu biyu a kansa. Wasu su ce tsohuwar mota ba ta rasa yoyo, a dinga ƙara mai kawai. Wasu kuma da ganin ɗigo sai su ce a sauke akwatin giya. A ganinmu duka biyun kuskure ne. Abin da ya kamata shi ne a fara sanin wane mai ne ke zuba, daga ina kuma yake fitowa, kana a kashe kuɗi.

Ga masu cewa ba kome, mu yi lissafi. Ɗigo ɗaya a minti ɗaya, ɗigo 1440 ke nan a kwana guda, wato kusan lita ɗaya cikin mako 2 zuwa 3. Akwatin giya na akori-kura kuwa lita 2 zuwa 3 ne cikinsa. Gaskiya ne akwai damshin mai wanda ƙura ke mannewa a kai, ba ya ɗiga, wannan ana iya sa masa ido. Amma wanda ke taɓa ƙasa, da yayyafi kogi kan cika. Ga shi giyar hannu ba ta da sandar awo kamar inji, ba ta kunna fitila gaban direba. Sai ta fara kuka a ji, lokacin nan haƙora sun riga sun ci juna. Ƙasarmu kuma rairayi ce, tana shanye ɗigo, kaji da awaki su tattake wurin kafin gari ya waye.

To, yaya za a yi? A ajiye mota a wuri mai daidai, a shimfiɗa kwali mai tsabta a ƙarƙashinta ta kwana. Da safe a duba launi, a murza da yatsa, a sansana. Man inji baƙi ne. Man giya yana da kauri, kalar zuma, da wari mai ƙarfi kamar na ƙibiritu. In ja ne, man giyar mota ce mai sauya giya da kanta. In ruwa-ruwa ne mai santsi, fari ko rawaya-rawaya, kuma yana cin fenti, man birki ne, wanda shi ne ake zuba wa kuloci a motoci da yawa. Wannan ba a jira da shi: a duba kwalbarsa nan take, in ta ragu kada a ɗauki mutum ko kaya sai an gyara.

Bayan haka a tuna, inda mai ya ɗiga ba lalle nan ya fito ba. Yana gangarowa daga sama, iska kuma tana tura shi baya in ana tafiya. Sau da yawa murfin saman inji ne ke yoyo, a ɗora wa giya laifi. A wanke wurin da ruwa da sabulu, a bari ya bushe, a barbaɗa toka mai laushi, a yi tafiyar kilomita 5, a dawo a nemi wuri mafi sama da ya jiƙe. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin mota jak kaɗai ke riƙe da ita. A kashe inji, a tokare tayoyi.

A fara da abu mai araha. A duba kusar zubar da mai da ɗan zoben tagullarta. A duba robar da ke tare mai a bayan akwati, inda kardan ke shiga. Ita ana sauya ta ba tare da an sauke akwati ba, sai dai in kardan na girgiza, sabuwar ma ba za ta daɗe ba. A duba ƴar kafar numfashi da ke saman akwati: in ƙurar hunturu ko lakar damina ta toshe ta, mai ya yi zafi, sai ya tura kansa waje ta robobi masu lafiya. Amma in ɗigon daga mahaɗar inji da giya yake fitowa, robar ciki ce, ta inji ko ta giya, launin man zai nuna. Nan kam sai an sauke akwati, kuma gara a yi kafin mai ya jiƙa faifan kuloci mota ta kasa ja cikin rairayi.

Don sanin yawan mai, a kwance kusar da ke gefen akwati. Ya kamata mai ya kai bakin ramin. A cika da man giya irin wanda aka rubuta wa motar, yawanci mai lamba 80W-90 ko 75W-90, ba ragowar baƙin mai ba. Tsohon mai kuma kada a zubar kusa da rijiya, domin a fadamunmu ruwa bai da nisa.

Muna roƙon ƙungiyoyin manoma da ke ɗaukar hayar mota, kafin a yi jinga a leƙa ƙarƙashinta. Direba kuma kada ya ji haushi, domin kaya da rayukan jama'a ne zai ɗauka. Kwali da toka ba su da tsada. Tun ran gini ran zane.

Allah ya kai mu kaka lafiya, ya kiyaye hanya.