Bitar kwana uku ba ta gyara aji

An daɗe ana yaudarar mu da wani magani da ba ya warkarwa. Duk lokacin da aka ce yara ba sa iya karatu, sai a kwashe malamai a kai su babban gari, a zaunar da su kwana uku a gaban wani masani, a raba musu takardu da kuɗin zama, a yi hoto, a watse. Malami ya koma ƙauyensa ya rufe ƙofar aji, shi kaɗai da yara masu yawa da allo guda. Bayan wata ɗaya takardun suna ƙarƙashin katifa.

Binciken PASEC na 2014 ya nuna cewa a Nijar, cikin yara goma masu gama firamare, da kyar ake samun guda da ya kai matakin karatu da ake bukata. A 2017 gwamnati ta yi wa malaman kwantiragi jarrabawa, akasarinsu ba su sami rabin maki ba. Aka yi ta zargin malamai, aka manta cewa mutumin da aka jefa aji ba tare da abokin shawara ba, kuskurensa na farko shi zai yi ta maimaitawa har ya yi ritaya.

Alhali kuwa maganin yana cikin gida. Tsarin ilimin Nijar ya tanadi CAPED, wato zaman da malaman makarantun da ke kusa da juna suke yi don tattauna aikin koyarwa. Laifinmu shi ne a wurare da yawa mun mai da shi zaman karanta sanarwar sufeto, ko kuma ba a haɗuwa sai an ji kuɗi sun zo. A Japan, tun ƙarni na 19 malamai suke shirya darasi tare, ɗaya ya koyar, sauran su zauna a aji suna lura da inda yara suka rikice, sannan su koma su gyara. Zambiya ta ɗauki wannan hanya a 2005. Ba ta bukatar otal ko mota. Bukatarta alli ne, da lokaci, da malamin da ya yarda a ga kuskurensa.

Ku ɗaliban Hausa wannan magana ta fi shafa. Tun 1973 aka fara gwada koyarwa da Hausa a Damagaram, kuma a 2025 aka ayyana ta harshen ƙasa a Nijar. To, wa zai daidaita wa malamin Tasawa da na Madawa kalmomin lissafi? Wa zai nuna musu cewa “yana” a haɗe ake rubuta ta, ko yadda yaro zai rarrabe ɓ da b, ɗ da d, ƙ da k? Doka ba ta shiga aji ta riƙe alli. Malamai ne za su zauna da littattafan yaransu a gabansu su warware.

Wani zai ce makaho ba ya yi wa makaho jagora: idan duk malaman raunana ne, kuskure kawai za su raba. Akwai gaskiya a ciki, shi ya sa dole jami'in da ke ba da shawara kan koyarwa ya halarci zaman, ya ji kafin ya yi magana. Amma ko a makarantu biyar ba a rasa wanda ya ƙware a koyar da haruffa da wanda ya ƙware a rabawa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Idan kun kama alli gobe, ku nemi abokin aiki ya zauna a bayan ajinku, ku ma ku zauna a nasa. Ku auna zamanku da abu guda: yara nawa ne suka iya karanta abin da ba su iya ba a watan jiya?