Ƙarfe Uku na Dare a Gidan Tsofaffi

Wasu daga zumuntarmu suna Ingila suna aikin kula da tsofaffi. Can hukumar CQC, wadda ta fara aiki a 2009, tana zagaya gidajen tana auna su. Abu ne mai kyau, amma jami'inta ba ya kwana a wurin.

Ƙarfe uku na dare tsohuwa ta jiƙa gado, kai kaɗai ne a kusa. Za ka canja mata, ko za ka rubuta cewa ka yi? Firistoci 19:32 bai ware furfurar Bature ba.

Na san tsoron, bizarka tana hannun maigidan. Duk da haka, in ka ga ana wasa da maganin tsoho, ka faɗa. CQC tana karɓar rahoto ko ba suna.