Zuwa ga Makanikanmu: Batun Salun ɗin da Aka Ƙera a Amurka

Ya ku iyayen gida masu gareji, da yaranku da ke koyon aiki a hannunku, daga Ƙofar Ruwa a Kano har Panteka a Kaduna. Akwai wata magana da ta zauna daram a bakin masu sana'arku, wai motar Amurka ba ta da ƙarko, ga shan mai, ga yawan laulayi, don haka duk wanda ya zo neman shawara sai a ce masa ya nemi ta Japan ya huta. Ina roƙonku, kafin ku sake faɗin haka, ku leƙa gindin gilashin gaba ta ɓangaren direba ku karanta lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17. Wadda ta fara da 1 ko 4 ko 5 a Amurka aka haɗa ta, mai 2 ta Kanada ce, mai 3 ta Meziko, mai J kuwa ita ce ta Japan. Za ku tarar Camry da yawa da kuke yabo sun fara da 4T1, Accord da yawa kuma da 1HG. Honda ta fara ƙera Accord a Marysville ta jihar Ohayo tun 1982, Toyota ta fara fitar da Camry daga Georgetown ta jihar Kentaki a 1988, Hyundai kuma ta buɗe masana'antar Sonata a Montgomery ta Alabama a 2005. Kamfanonin Amurka na asali ma sun kusa barin wannan fage: Ford ta daina Taurus a 2019, Chevrolet ta daina Impala a 2020 da Malibu a 2024. Ashe salun ɗin Amurka ita ce dai wadda ke shigowa ta Kwatano da Legas, take kwana a garejinku kullum. Abin da nake son in tabbatar muku shi ne, ƙarkonta da tsimin manta suna cikin wasu ƙananan kaya ne, kuma su ne kayan da aka fi saurin cirewa da zarar ta iso hannunmu.

Mummunan sunan da motar Amurka ta yi yana da asali, ba ƙage ba ne. Kafin 1973 mai yana da araha a can, ana ƙera manyan motoci masu silinda takwas ba tare da an damu da abin da suke sha ba. Da ƙasashen Larabawa suka hana Amurka mai a wannan shekarar, layuka suka cika gidajen mai, sai majalisarsu ta yi doka a 1975 wadda ta tilasta wa kamfanoni rage shan mai. An fara da mil 18 a galan a 1978, aka kai mil 27.5 a 1985, wato daga ƙasa da kilomita 8 a lita zuwa kusan 12. Ba da rage girman mota kaɗai aka cim ma wannan ba. An bar kafireto aka koma nozul, aka sa ƙwaƙwalwa mai auna iska da zafi da hayaƙi kafin ta saki kowane ɗigon mai, aka sa matatar hayaƙi a salansa, wadda kuke kira indomi, daga 1996 kuma aka wajabta wa kowace mota soket ɗin nan da ke ƙarƙashin sitiyari inda ake jona sikana. Batun ingancin aiki kuwa, labarin masana'antar Fremont a Kalifoniya ya isa hujja. General Motors ta rufe ta a 1982 tana cikin mafi lalacewar masana'antunta, aka sake buɗe ta a 1984 da haɗin gwiwar Toyota, akasarin waɗanda aka ɗauka aiki kuma tsofaffin ma'aikatanta ne, sai ga motocinta suna gogayya da na Japan. Mutanen ba su canza ba, tsarin aiki ne ya canza.

Mu fara da tamostat, domin a nan ɓarnar ta fi yawa. Al'ada ta zama da mota ta sauka sai a cire shi, a haɗa fanka dairek ta riƙa juyawa tun daga murɗa makulli, a ce ai an gyara ta daidai da zafin ƙasarmu. Injin nan an tsara shi ya yi aiki a kusan digiri 90, tamostat na yawancin Toyota yana fara buɗewa ne a wajen digiri 82. Muddin na'urar auna zafi tana gaya wa ƙwaƙwalwa cewa inji bai ɗumama ba, ƙwaƙwalwa za ta ci gaba da ƙara mai, kamar yadda kuke jan coke a tsohuwar mota da sanyin safiya, sai dai wannan ba mai mayar da shi. Rarar man da bai ƙone ba yana wanke bakin mai daga jikin silinda, ya gangara cikin sam ya tsinka shi, ya baƙanta fulogi, ya toshe indomi. A motoci da yawa giyar otomatik ma ba ta yarda ta shiga giyar ƙarshe sai inji ya kai wani zafi, don haka mai mota yana kan hanyar Zariya lokacin hunturu inji yana ta ƙugi, mai yana ƙarewa. Na san amsarku: zafin watan Afirilu a Sakkwato ko Maiduguri ba wasa ba ne, kuma kun ga gasket ya ƙone da idonku. Gaskiya ne, amma a birnin Phoenix na jihar Arizona zafi yana haura digiri 45, kuma irin waɗannan motocin suna yawo a can da tamostat ɗinsu da esi a kunne. Mota mai lafiya, in zafi ya yi yawa tamostat a buɗe yake gaba ɗaya, ba ya tare komai. A wasu injina ma shi ne ke rufe gajeriyar hanyar ruwa don ya tilasta masa bi ta lagireto, cire shi sai ya rage sanyayawar. Abin da ke sa mota tafasa shi ne lagireto da tsatsa ta toshe saboda ruwan rijiya da ake ɗura mata, ko murfin da ya daina riƙe matsi, ko famfon ruwa da ya cinye, ko rile na fanka da ya mutu. In tamostat ɗin ne ya maƙale, sabo ake sa masa.

Haka zancen bakin mai. A murfin da kuke buɗewa ranar juye an rubuta irin wanda ake so, 0W-20 ko 5W-20 ko 5W-30, amma sai a zuba 20W-50 don wai mai kauri ya fi riƙe inji. Wannan shawara ta dace da Fijo 504, ba ta dace da injin da ke amfani da matsin bakin mai wajen juya lokacin buɗe bawul ba, irin VVT-i na Toyota da i-VTEC na Honda. Hanyoyin man a nan sirara ne, mai kauri yana jinkirin isa sama da safe, a daidai lokacin da inji ya fi cin kansa, kuma juya shi kansa yana cin fetur. Uzurin da na fi ganin ƙarfinsa shi ne jabu ya cika kasuwa, kuma na gaskiyar yana da tsada. Maganin jabu shi ne ku san dila amintacce ku riƙe shi, domin mai kaurin ma ana yin jabunsa. Injin da ya riga ya tsufa yana ƙona mai ana iya ɗaga masa mataki ɗaya, ba a tsallaka masa uku ba. Man giya ma kowace da nata, WS na Toyota, DW-1 na Honda, NS-3 na giyar CVT ta sababbin Altima, kuma zuba mata jan man da aka saba da shi hanya ce ta kashe ta cikin gaggawa.

Indomi kuwa ba ya toshewa haka kawai. In ya toshe, to inji yana zubo masa ɗanyen mai ko hayaƙin bakin mai, kuma fasa shi bai taɓa asalin ciwon ba. Abin da ke biyo baya shi ne fitilar cek inji ta kama ta zauna, mai mota ya saba da ita, ranar da wata matsala ta gaske ta zo ba abin da zai sanar da shi. In kuma wajen aikin aka yanke wayar na'urar iskar oksijin ta gaba, ƙwaƙwalwa ta makance, sai ta koma zuba mai da ƙiyasi. Akwai filatinum da faladiyum a cikin indomi, shi ya sa yake da masu saye, shi ya sa kuma masu mota suka fara zargin kowa. Wanda ya cire bisa dole ya miƙa wa mai shi kayansa a hannu.

Za ku ce duk da haka akwai waɗanda da ciwonsu suka zo, kuma a nan kuna da gaskiya cikakkiya. Camry Masul mai injin 2.4 ta 2007 zuwa 2009 an san ta da shan bakin mai saboda ringi da fistin. Accord mai silinda shida ta farkon shekarun 2000 ta yi suna da ciwon giya. A 2015 Hyundai ta janye Sonata kusan 470,000 na 2011 da 2012 saboda ɓurɓushin ƙarfe da ya rage a cikin inji tun daga masana'anta. Ford Focus ta 2012 zuwa 2016 mai giyar PowerShift ta jawo wa kamfanin shari'u, haka CVT ta Altima ta 2013 zuwa 2016. A ɗaya gefen kuma injin 3800 na Buick, ɗan Amurka tsantsa, yana cikin waɗanda aka fi yabo da juriya. Ku lura da jerin nan: akwai sunan Japan, akwai na Koriya, akwai na Amurka. Ciwon yana bin samfuri da shekara da lambar inji, kuma wannan ilimi ne da mai saye ba shi da shi, ku ne ya kamata ku riƙe masa. Harafi na goma a lambar shasi yana faɗin shekarar motar, ko da an canza mata fitilu da bamba an mayar da ita sabon yayi.

Sai tarihin motar kafin ta hau jirgi, wanda sau da yawa ya fi sunanta muhimmanci. Da yawa daga cikinsu an sayo su ne a gwanjon Copart ko IAA bayan kamfanin inshora ya yanke cewa gyaransu ya fi ƙarfin kuɗinsu. Wadda ta yi karo falanbita zai iya gane ta. Wadda ta kwana cikin ambaliya, irin ta guguwar Harvey da ta nutsar da Houston a 2017, ita ce abin tsoro, domin tana iya tashi lafiya yau, bayan wata shida soket-soket su yi kore, rewaya ya yi ta fama ba ya gamawa. Ku ɗaga kafet, ku jawo bel ɗin kujera har ƙarshe ku duba layin laka, ku leƙa dogon ƙarfen da kujera ke gudu a kai ko ya yi tsatsa. Wadda ta fito daga jihohin arewa masu ƙanƙara, inda ake watsa gishiri a titi, ku shiga ƙarƙashinta ku duba bututun birki. Ku kuma tuna agogonta mil yake ƙirgawa, 150,000 a fuskarsa ya haura kilomita 240,000.

Uzuri na ƙarshe shi ne aljihun mai mota: shi ne ke cewa a yi masa na sauƙi, sikana kuma kuɗi ce. A lokacin da lita take ƙasa da naira 200 wannan lissafi yana iya tafiya. Tun da aka cire tallafi a ranar 29 ga Mayu 2023, farashi ya ninka sau da yawa, kuɗin tamostat da murfin lagireto da galan ɗin kulant bai kai abin da injin da ba ya ɗumama zai ƙona cikin 'yan watanni ba. Ƙaramar sikana mai haɗuwa da waya ba ta fi ƙarfin gareji ba, kuma ko mutum uku suna iya haɗa kuɗi su saya. Amfaninta ya wuce goge fitila: tana nuna zafin inji a lambobi, tana nuna ko ƙwaƙwalwa tana ƙara mai ko tana ragewa. Ku kuma koya wa mai mota awo da kansa. Ya cika tanki, ya mayar da ƙaramin agogo sifiri, ya yi tafiyarsa, ya sake cikawa, ya raba nisan da litar da ya zuba, bayan ya mayar da mil kilomita. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ba Camry ta 2012 mai silinda huɗu mil 28 a galan in an haɗa gari da babbar hanya, wato kusan kilomita 12 a lita. Cunkoson cikin gari da esi za su rage wannan, ba shakka. Amma in ya dawo muku daga tafiyar Kaduna zuwa Kano da kilomita 7 a lita, ku fara da duba zafin inji a sikana, sannan na'urar oksijin ta gaba, sannan fulogi da iskar taya.