Adireshin Intanet: Zanen Aro Ba Ya Rufe Katara

Jama'a, duk wanda ya tashi a ƙauye irin Beli ta ƙasar Rogo ya san yadda wasiƙa takan zo a dā. Ba kowa ke da akwatin gidan waya ba. Sai a rubuta sunanka, a ƙara da cewa ta hannun hedimasta ko ta hannun dagaci. In ya yi tafiya, saƙonka ya kwana. To, haka muke zaune a intanet yau, ko da yake ba mu cika lura ba.

Kowace na'ura da ke magana a intanet tana bukatar lamba, wato adireshinta. Tsohon tsarin da ake kira IPv4 yana da adireshi wajen biliyan 4.3 ne kacal. Da aka zo rabo, waɗanda suka riga mu tashi suka kwashi rabon zaki: kamfanin Ford da na Apple a Amurka kowannensu ya sami fiye da miliyan 16. A watan Fabrairu na 2011 babban rumbun duniya ya ƙare. Afirka kuwa ba ta sami hukumar rabo tata ba, wato AFRINIC mai mazauni a tsibirin Moris, sai a 2005, kuma abin da ya shigo hannunta bai kai kashi 5 cikin 100 ba.

Dabarar da aka fito da ita ita ce ta zaure ɗaya, ɗakuna da yawa. Adireshi guda ne ke kallon titi, na'urorin ciki kuma a ba su lambobin gida, irin masu farawa da 10 ko 192.168. Ɗalibin da ya koyi Docker, manhajar da ta fito a 2013 mai killace kowane aiki cikin akwatinsa, ya ga wannan da idonsa. Tana raba wa akwatunan lambobi masu farawa da 172.17, in kuwa makaranta tana amfani da waɗannan lambobin, sai saƙo ya ɓata, kamar gida mai Musa biyu.

Wasu za su ce ai dabarar tana aiki, me ya yi zafi? Haƙiƙa tana aiki ga mai kallo da karatu. Amma wanda ke ɗaki ba ya karɓar baƙo sai da yardar mai zaure. Yaron Beli da ya gina manhajar cinikin hatsi, yana so 'yan kasuwar Dawanau su iske ta a na'urarsa, tilas ya nemi haya a wurin wani. Ga shi kuma ɗan abin da muke da shi ya zama abin rigima: shari'ar AFRINIC da kamfanin Cloud Innovation ta kai ga rufe asusunta na banki a 2021.

Magani yana nan tun 1998, wato IPv6, wanda adireshinsa ya fi ƙarfin ƙidaya. Saboda haka ina kira ga jami'o'inmu su kunna shi, su kuma koyar da shi. Ku kuma matasan ma'aikata, in takardar sayen na'urori ta zo teburinku, ku tambaya ko suna ɗaukarsa kafin ku sa hannu. Tun ran gini ran zane. Allah ya sa mu dace.