Ba kowane kuskure ba ne "goof"

Duk mai bin jaridun Turanci na Najeriya ya san kalmar "goof". Minista ya faɗi adadin da ba daidai ba, ko hukuma ta saki sanarwa da kuskuren suna, washegari sai a rubuta cewa sun yi "goof".

Kalmar ta Turancin hira ce, ta Amurkawa. Asalinta tana nufin wawa ko sakarai, daga nan ne ma sunan Goofy, sakaran karen nan na zanen Disney, ya fito. Idan aka ce mutum ya yi "goof", ana nufin ya kwafsa, irin kwafsawar da ake dariya a wuce: ka tura wa surukinka saƙon da ka rubuta wa abokinka.

Matsalar ita ce an mayar da ita riga ɗaya ga kowane laifi. Hausa kuwa ta rarrabe. Akwai suɓul da baka, akwai katoɓara, akwai sakaci, inda aka san abin da ya dace aka yi biris, akwai kuma ganganci. Kowanne da nauyinsa, kowanne da irin tambayar da ake yi wa mai shi.

Mutanen Haɗeja sun san bambancin a jikinsu. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 tafiyar kogin ta sauya, kacala ta samu wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa. Wannan ba sabon labari ba ne. Amma a daminar 2022 sai da matasan gari suka yi ta cika buhuna da ƙasa suna ɗaga jinga, yayin da ruwa ya cinye gonakin shinkafa a Auyo, Kafin Hausa da Guri. Barin kacala shekara da shekaru ba kwafsawa ba ce. Sayar da fuloti a kan hanyar ruwa ma haka, kuma wanda ya saya ya gina yana sane ba zai ce tsautsayi ba.

Don haka muna kira ga abokan aikinmu, musamman masu fassara labarai cikin gaggawa: kafin a rubuta "kuskure" saboda jaridar Turanci ta ce "goofed", a tambaya ko an gargaɗi mutumin tun farko. In an gargaɗe shi, a rubuta sakaci, a kuma nemi jin wanda aka ba aikin da kuɗin da aka ware masa.